Tarihin Giyom Apoliner, Baƙon da Ya Mayar da Rubutu Zane a Faransa

A filinmu na tarihin mashahuran mutane na yau za mu leƙa ƙasar Faransa, mu kawo wa masu karatu labarin wani marubucin waƙoƙi mai suna Guillaume Apollinaire, wanda ake furta sunansa Giyom Apoliner. Duk wanda ya yi nisa a lekol a ƙasashen da ke aiki da Faransanci, da wuya a ce bai ci karo da sunansa ba, domin waƙoƙinsa na cikin waɗanda ake ba yara su hardace. Abin da malamai ba su cika faɗa ba shi ne, wannan mutum da Faransa ke tinƙaho da shi baƙo ne. Shekara 38 ya yi a duniya, kuma bai riƙe takardar zama ɗan ƙasar Faransa ba sai da ya rage masa ƙasa da shekara 3 ya mutu. Kafin nan ya kwana a gidan kaso saboda kayan sata da wani ya ajiye a ɗakinsa. Ƴan kasuwarmu da ke ƙetare iyaka kullum safiya sun san darajar takarda, sun kuma san abin da kayan da ba a san asalinsu ba ke jawo wa mutum.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Apoliner a birnin Roma na ƙasar Italiya a ƙarshen watan Agusta na shekarar 1880. Mahaifiyarsa, Anjelika Kostrowicka, ƴar wani gidan sarauta ce na mutanen Polan, a zamanin da yankinsu ke ƙarƙashin daular Rasha. Ba a rubuta sunan uba a takardar haihuwarsa ba, don haka sunan dangin uwarsa ya ɗauka, aka kuma lissafa shi cikin talakawan Rasha, ƙasar da ba a cikinta ya tashi ba. Bayan shekara 2 aka haifi ƙanensa Albert.

Uwar tasu mace ce mai son caca, wannan ya sa ta kwashi yaran ta koma Monako, ƙaramar ƙasar nan da ta yi suna da gidajen caca a bakin tekun Bahar Rum. A can Apoliner ya shiga makarantar ƴan mishan, daga bisani ya ci gaba a garuruwan Cannes da Nice da ke kudancin Faransa. Yaro ne mai cin littattafai kamar gara, amma ya bar makaranta ba tare da ya samu takardar bakaloriya ba.

A shekarar 1899 kuɗi suka ƙare. Uwar ta ajiye yaran biyu a wani masauki a garin Stavelot na ƙasar Beljiyam, ita kuma ta shiga neman sa'a a teburin caca. Da watanni suka shuɗe, bashin ci da kwana ya taru, sai ta aiko musu su gudu. Cikin duhun dare samarin suka sulale da ƴan komatsansu, suka hau jirgin ƙasa zuwa Paris ba tare da sun biya ko sisi ba. Abin mamaki, bayan mutuwarsa wannan gari na Stavelot ya buɗe ɗakin tarihi da sunansa.

Neman abinci a Paris

A Paris ya sha wuya irin ta baƙo marar takardar makaranta. Ya yi ƙananan ayyukan ofis, ya kuma yi wa wasu rubutu suka sa sunayensu. A 1901 ya samu aikin koyar da ɗiyar wata attajira a yankin kogin Rhin na ƙasar Jamus. A gidan ya kamu da son wata Baturiyar Ingila mai renon yarinyar, Annie Playden, amma ta ƙi shi. Sau biyu yana bin ta har Landan, a 1903 da 1904, daga ƙarshe ta yi ƙaura zuwa Amurka. Wannan baƙin ciki ya haifar da ɗaya daga cikin dogayen waƙoƙinsa da suka fi shahara.

Da ya komo Paris ya kama aikin akawu a banki, da dare kuma yana rubutu. Neman na tuwo ya kai shi har ga rubuta littattafan batsa waɗanda bai sa cikakken sunansa a kansu ba, abin da ya zame masa tabo daga baya. Wajen 1905 ya haɗu da wani matashin mai zane ɗan ƙasar Spain, Pablo Pikaso, wanda shi ma baƙo ne mai fama da talauci a unguwar Montmartre. Abota mai ƙarfi ta ƙullu tsakaninsu. Pikaso da abokinsa Georges Braque sun fito da wani salon zane da ake kira kubizim, inda ake nuna abu ta fuskoki da dama a lokaci guda, kamar an farfasa shi an sake jerawa. Jama'a suka yi ta yi musu dariya, Apoliner kuwa ya tsaya a jaridu yana kare su. Ta wannan zama ne ya san Marie Laurencin a 1907, ita ma mai zane, suka yi kusan shekara 5 suna tare.

Littafinsa na farko ya fito a 1909, kwafi kusan 100 kacal, da zane-zanen André Derain a ciki. A 1910 littafin gajerun labaransa ya samu ƙuri'u a gasar Goncourt, wadda ita ce babbar gasar adabi ta Faransa, duk da bai ci ba. Sunansa ya fara fitowa ke nan sai ga masifa.

Satar Mona Lisa

Ranar 21 ga Agusta 1911 aka sace hoton Mona Lisa daga Louvre, babban gidan adana kayan tarihi na Paris. Hoton na wata mace ne da Leonardo da Vinci ya zana shekaru 400 kafin lokacin. Faransa ta ɗauki zafi, aka tsananta bincike a tashoshin jiragen ruwa da kan iyakoki.

Apoliner bai san hawa ba bai san sauka ba a wannan sata, sai dai zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yana da wani aboki ɗan Beljiyam mai suna Géry Pieret, wanda ya ba masauki yana kuma yi masa ƴan aikace-aikacen rubutu. Tun a 1907 wannan Pieret ya saci wasu kawunan mutum-mutumi na dutse guda 2 daga Louvre ya sayar wa Pikaso. A 1911 ya sake ɗauko wani ya ajiye a ɗakin Apoliner. Da maganar Mona Lisa ta cika gari, sai Pieret ya kai wannan na ukun ofishin jaridar Paris-Journal, ya karɓi kuɗi, ya ba da labarin yadda sata ke da sauƙi a Louvre, sannan ya bar Paris.

Hankalin Apoliner da Pikaso ya tashi, domin dukansu baƙi ne, kuma sun san abu kaɗan ya isa a kore su daga ƙasar. Fernande Olivier, wadda ke zaune da Pikaso a lokacin, ta ba da labari a littafinta cewa sun zuba kawunan biyu a akwati da dare da niyyar jefawa a kogin Seine, suka yi ta yawo har suka kasa, suka komo da su gida. Daga nan aka kai kayan ofishin jaridar don a mayar wa Louvre. Wannan bai hana ƴan sanda zuwa ba. Ranar 7 ga Satumba aka kama Apoliner aka kulle a gidan kason La Santé bisa zargin ɓoye kayan sata. An kira Pikaso gaban alƙali mai bincike aka sallame shi. Marubuta da dama suka sa hannu a takardar neman a saki Apoliner, aka kuwa sake shi ranar 12 ga wata, sannan a farkon 1912 aka wanke shi sarai. Ainihin ɓarawon, Vincenzo Peruggia, ɗan Italiya da ya taɓa aiki a Louvre, sai a Disamba 1913 aka kama shi a birnin Florence yana neman mai saye.

Kwanakin kason ba su kai mako guda ba, amma sun bar masa miki. An buga hotonsa da ankwa a hannu, jaridun da ba sa ƙaunar baƙi kuma suka yi ta zaginsa, suna tono asalinsa da littattafan batsar da ya rubuta. Tun daga nan tsoron kora bai bar zuciyarsa ba, burinsa ya koma ga samun takardar ɗan ƙasa.

Rubutun da ya koma zane

A cikin wannan hali ne ya yi ayyukan da suka sa ake tunawa da shi. A 1913 ya fitar da kundin waƙoƙi mai suna Alcools. Da maɗaba'a ta aiko masa don dubawar ƙarshe, sai ya goge duk wata aya da waƙafi daga farko har ƙarshe, a kan cewa kari da numfashin mai karatu sun isa su nuna inda za a tsaya. Ya kuma shigo da abubuwan da a da ake ganin ba su dace da waƙa ba, irin su motar haya, jirgin sama, allunan talla da takardun farashin kaya. Wata waƙar tasa ma ya harhaɗa ta ne daga guntayen hirar da ya ji mutane na yi a wani gidan shan gahawa, kamar mutum ya zauna a rumfar mai shayi ranar kasuwa ya rubuta duk abin da kunnensa ya tsinta.

A watan Yuni 1914 ya ƙara gaba. A mujallar Les Soirées de Paris ya buga waƙar da ba a karanta ta layi bayan layi. Ya gina ta a kan saƙonnin da yake yi da ƙanensa Albert, wanda ya koma ƙasar Mekziko da zama. Ya jera kalmomi a zagaye suna fita ta ko'ina, kamar yadda saƙon iska ke tashi daga hasumiyar Efel, ko kamar layukan faifan garmaho. A cikin zagayen ya sa ƙarar jiniya, da ta motar haya, har da kukan sabon takalminsa.

Daga nan ya ci gaba da irin waɗannan. Akwai wadda kalmominta suka yi siffar agogon aljihu, kowane guntun magana a gurbin sa'a guda, kusa da shi kuma ga siffar karabat, igiyar wuyan nan ta Turawa. Akwai wadda haruffanta ke gangarowa ɗaya bayan ɗaya a layuka 5 a karkace, kamar saukar ruwan sama. Akwai mai siffar madubi, inda kalmomi suka yi da'ira, sunansa kuma na tsakiya a wurin da fuska ke fitowa. Ya raɗa wa wannan salo suna kaligram, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin kyau da harafi. Ba shi ya fara siffanta abu da rubutu ba, domin Girkawan da sun yi, haka ma gwanayen rubutun Larabci da na Turkiyya da ke juya haruffa su zama tsuntsu ko jirgin ruwa. Mu ma nan mun saba ganin masu zayyana da masu rubutun jikin manyan motoci suna sarrafa harafi har ya zama ado. Sabon abin da ya kawo shi ne ya ɗauki kayan yau da kullum na mutumin birni ya yi musu wannan gata, ya kuma tilasta wa maɗaba'ar zamani ta bi siffar da hannunsa ya zana.

Abokansa ma hanyar suka bi. A 1912 Pikaso ya manna guntun leda mai zanen saƙar kujera a jikin hotonsa, ya zagaye shi da igiya, shi da Braque kuma suka riƙa liƙa guntayen jarida a zanensu. A 1913 Marcel Duchamp ya kafa ƙafar keke a kan kujerar katako, a 1914 ya sayo ƙarfen shanya kwalabe daga kanti ya ɗauke shi a matsayin aikin fasaha. Apoliner ya rubuta a kan dukansu a littafinsa na 1913 game da masu kubizim. Haka nan a Disamba na shekarar ya je jami'ar Sorbonne aka ɗauki muryarsa a faifai yana karanta waƙoƙinsa guda 3, domin yana ganin garmaho da silima za su zama littattafan gobe.

Yaƙi da takardar ɗan ƙasa

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a Agusta 1914, Apoliner ya kai kansa aikin soja, amma ba a karɓe shi ba. Sai a Disamba aka ɗauke shi a rundunar igwa ta 38 da ke garin Nîmes, ya kuma shigar da takardar neman zama ɗan ƙasa. A Afrilu 1915 aka tura shi fagen fama a yankin Champagne.

Ko a can bai ajiye alƙalami ba. Kusan kullum yana aika wasiƙu da waƙoƙi ga mata biyu, Louise de Coligny-Châtillon da ya sani a Nice, da Madeleine Pagès, wata malamar makaranta daga Oran ta ƙasar Aljeriya, wadda ya haɗu da ita a jirgin ƙasa har suka yi alkawarin aure, ko da yake auren bai yiwu ba. Yana ƙera musu zobba da gorar ruwan da yake cirowa daga ɓaraguzan harsasan igwar Jamus. A Yuni 1915, tare da taimakon abokan aikinsa, ya buga ƙaramin kundi da rubutun hannunsa, kwafi 25 kacal, da ɗan abin kwafe takardu na rundunar. A cikinsa akwai waƙar da ya sa a bakin wani sojan igwa baƙar fata daga Dakar, yana tuna garinsu da iyayensa cikin sanyi da ruwan wuta. A wancan lokaci Faransa ta kwashi dubban samari daga ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka zuwa wannan yaƙi, kuma marubutan Paris da suka waiwaye su ba su da yawa. Wata waƙar ta lokacin yaƙi ya yi ta da siffar kurciya da aka soka da wuƙa a saman ruwa mai feshi: jikin kurciyar sunayen matan da ya so ne, feshin ruwan kuma sunayen abokansa da yaƙi ya warwatsa.

A Nuwamba 1915 ya nemi a mayar da shi sojan ƙasa, aka ba shi muƙamin ƙaramin hafsa a runduna ta 96, cikin ramukan da suka fi kusa da abokan gaba. Ranar 9 ga Maris 1916 aka sa hannu a dokar da ta ba shi zama ɗan ƙasar Faransa. Kwana 8 bayan haka, ranar 17 ga Maris, yana zaune cikin rami a wani daji da ake kira Bois des Buttes yana karanta mujalla, ɓarɓashin harsashin igwa ya huda hular kwanonsa ya shige gefen kansa na dama. A watan Mayu likitoci suka buɗe ƙoƙon kansa suka yi masa aiki. Ya rayu, amma ƙarfinsa bai komo kamar da ba.

Kiɗa, wasa da sassaƙar Afirka

Ya komo Paris da kakin soja da naɗi a ka, matasan marubuta suka kewaye shi kamar uba. Ranar 18 ga Mayu 1917 aka nuna wani wasan rawa mai suna Parade a gidan wasa na Châtelet. Jean Cocteau ya tsara labarin, Pikaso ya yi tufafi da adon dandali, Erik Satie ya tsara kiɗan, wanda aka tanadar wa ƙarar keken rubutu da jiniya da harbin ƙaramar bindiga a cikinsa. Ƴan kallo suka rabu biyu, wasu na tafi wasu na ihu. Apoliner ne ya rubuta bayanin wasan, kuma a nan ya fara fito da kalmar surrealisme, wato abin da ya zarce zahiri. A watan Yuni aka nuna wasan kwaikwayonsa a ƙarƙashin wannan suna. A 1924 André Breton ya ɗauki kalmar ya kafa ƙungiyar marubuta da masu zane da ta game duniya.

Akwai kuma abin da ya haɗa shi da nahiyarmu. Yana tara sassaƙe-sassaƙen Afirka a ɗakinsa, kuma tun 1909 ya rubuta a jarida cewa ya kamata Louvre ta ba irin waɗannan ayyuka wuri kusa da na Turawa. A 1917 shi da dillalin zane Paul Guillaume suka fitar da kundin hotunan sassaƙar Afirka. Sai dai mu tuna, yawancin kayan nan ta hanyar mulkin mallaka suka isa Paris, ba kuma tare da sunayen masassaƙan ba. Burin nasa bai cika ba sai a Afrilu 2000, lokacin da shugaba Jacques Chirac ya buɗe wani sashe na irin waɗannan kaya a Louvre. Nan ma rigimar asalin kaya ta sake tashi, domin a cikinsu akwai mutum-mutumin yumɓu 2 na Nok da 1 na yankin Sakkwato, waɗanda aka fitar daga Najeriya ba bisa doka ba. A 2002 Faransa ta amince cewa mallakin Najeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25.

Mutuwarsa

A Afrilu 1918 littafinsa Calligrammes ya fito, wanda ya tattara waƙoƙin zaman lafiya da na yaƙi daga 1913 zuwa 1916. Ranar 2 ga Mayu ya auri Jacqueline Kolb, Pikaso na cikin shaidu. Auren wata 6 kawai ya yi. Annobar murar da ta mamaye duniya a shekarar, wadda jiragen ruwa suka kai har Firitawun da Legas ta bazu cikin Afirka ta Yamma, ta same shi da jikin da rauni da ciwon huhu suka riga suka cinye. Ya mutu a gidansa da ke titin Saint-Germain ranar 9 ga Nuwamba 1918, saura kwana 2 a tsagaita wuta. An binne shi ranar 13 ga wata a maƙabartar Père Lachaise, birnin na cikin shagalin nasara. Mahaifiyarsa da ƙanensa suka bi shi a 1919.

Faransa ta sa shi cikin jerin waɗanda suka mutu dominta, sunansa kuma na rubuce a ginin Panthéon tare da marubutan da yaƙin ya ci. Mawaƙi Francis Poulenc ya sa wa waƙoƙinsa da dama kiɗa, ya kuma mayar da wasan kwaikwayonsa wasan waƙe a 1947. Masu fasahar da suka zo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, irin su Isidore Isou da Henri Chopin, waɗanda suka riƙa wasa da harafi da sautin murya, sun taka ne a kan hanyar da ya share.

Mai karatu, ga mutum da ya iya harshen ƙasa fiye da mafi yawan ƴaƴanta, amma da aka yi ɓatan kaya shi aka fara kamawa, kuma takardar da ya daɗe yana nema ba ta zo ba sai yana cikin ramin yaƙi. Wanda ke zaune ko yake fatauci a ƙasar da ba tasa ba, ya gyara takardunsa tun ana zaman lafiya, ya kuma san wanda yake ba masauki da abin da ake ajiyewa a rumfarsa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba da tarihin wani mashahurin, in Allah Ya kai mu.